OTTO GLORIA: TSOHON ƊAN BURAZIL DA YA FARA CIYO WA NAJERIYA KOFIN AFIRKA

 

Duk lokacin da Super Eagles ta sha kashi, gardama guda ce ke tashi a gidajen kallonmu da wuraren mai shayi. Wasu su ce a ɗauko Bature, wasu su ce a bar wa ɗan gida. Masu son Bature sukan kafa hujja da Clemens Westerhof, masu son ɗan gida su kawo Stephen Keshi. Ba kasafai ake jin sunan mutumin da ya riga su duka biyun ɗaga kofin ba. Sunansa Otto Gloria, mutumin Burazil, shi ne kocin Green Eagles a 1980. Mun ga ya dace mu bi tarihinsa daga farko, domin a cikinsa akwai abin da zai raba wannan gardama fiye da yadda ihu ke raba ta.

An haifi Otto Gloria a Rio de Janeiro ranar 9 ga Janairu 1917. Bai yi tashe a matsayin ɗan wasa ba, kuma ba ya cikin taurarin da Burazil ke ambato idan ana lissafin gwanayen fili. A bakin layi ya yi suna. Ya fara horaswa a manyan kulob na garinsu, Botafogo da Vasco da Gama da America, kafin a 1954 shugabannin Benfica ta Fotugal su tsallaka teku su ɗauko shi. Yana da shekara 37 a lokacin.

Benficar da ya tarar ba ita ce wadda muka sani a gasar zakarun Turai ba. Sporting ce ke riƙe da ƙasar, ta ci lig sau huɗu a jere kafin zuwansa. 'Yan wasan Benfica da yawa suna da wata sana'ar da suke yi da rana, ƙwallo kuma sai an tashi daga aiki. Abin da Otto ya fara yi ke nan, ya ce wanda zai yi ƙwallo ya maida ita sana'arsa. Aka buɗe gida na musamman inda 'yan wasa marasa aure ke kwana, da lokacin cin abinci, da lokacin barci, da wanda ke sa ido a kansu. Ya tsaurara atisaye, ya shigo da salon jera 'yan wasa irin na Burazil. Ba kowa ne ya ji daɗi ba, amma a kakarsa ta farko Benfica ta haɗa lig da kofin ƙasa, ta sake haɗa su a 1957, ta ƙara kofin ƙasa a 1959.

Akwai wani abu da ya yi a waɗannan shekaru da ya shafe mu mu 'yan Afirka. A shekarar da ya zo, wani saurayi ya iso Lisbon daga Mozambik, wadda take ƙarƙashin mulkin mallakar Fotugal a lokacin. Sunansa Mario Coluna, kuma ɗan gaba ne. Otto ya duba ƙarfinsa da natsuwarsa da yadda yake raba ƙwallo, sai ya janyo shi tsakiya. A nan Coluna ya zama ginshiƙin Benfica shekara da shekaru, ya zama kyaftin ɗinta da na ƙasar Fotugal. Ku riƙe wannan dabara ta sauya wa ɗan wasa gurbi, za mu sake cin karo da ita a Legas.

A 1959 Otto ya bar Benfica, Bela Guttmann ɗan Hungary ya gaje shi. Shekara biyu bayan nan Benfica ta doke Barcelona da ci 3-2 ta ɗauki kofin Turai, a 1962 kuma ta doke Real Madrid da ci 5-3 ta riƙe shi. Guttmann gwani ne, kuma a zamaninsa Eusebio ya iso. Amma gidan da ya shiga, da tsarin sana'ar, da 'yan wasa irin su Coluna, Otto ne ya bar masa. Wani ya yi shuka, wani ya yi girbi, kuma duniya mai girbin ta fi sani.

Daga nan Otto ya shiga yawo. Ya ci kofin Fotugal da Belenenses a 1960. A 1962 ya karɓi Marseille ta Faransa tana rukuni na biyu, ya hau da ita rukunin farko. Ya horar da Porto, ya ci lig da Sporting a 1966. Wato manyan kulob uku na Fotugal da ba sa ga maciji da juna, kowanne ya taɓa miƙa masa ragamarsa.

A shekarar 1966 ɗin ne ya kai Fotugal gasar kofin duniya a Ingila, zuwanta na farko a tarihi. Suka doke Hungary 3-1, Bulgeriya 3-0, sannan suka haɗu da ƙasarsa ta haihuwa, Burazil ɗin Pele mai riƙe da kofi. Suka doke ta 3-1, ta koma gida tun a zagayen farko. Wasan da aka fi tunawa shi ne na Koriya ta Arewa. Kafin minti 25 Koriya ta zura uku, Fotugal ba ta da ko ɗaya. Aka tashi 5-3, Eusebio ya ci huɗu. Ingila ce ta tsayar da su da ci 2-1 a wasan kusa da na ƙarshe, suka doke Tarayyar Sobiyat 2-1 suka zo na uku. Eusebio ya fi kowa zura ƙwallo, guda tara. Har yau, duk da Figo da Cristiano Ronaldo, Fotugal ba ta sake kai wannan matsayi a kofin duniya ba. Kuma ƙashin bayan tawagar 'ya'yan Mozambik ne: Eusebio, Coluna, Hilario da Vicente.

Magoya bayan Manchester United na cikin wannan zaure, ku ma kun san Otto ko da ba ku san sunansa ba. Kofin Turai na farko da kulob ɗinku ya ɗauka, ranar 29 ga Mayu 1968 a Wembley, a hannun Benfica ya ɗauke shi, kuma Otto ne a bencin Benfica, bai daɗe da dawowa daga Atletico Madrid ba. Minti 90 ya cika ana 1-1. Ana dab da tashi Eusebio ya samu dama shi da gola, Alex Stepney ya cafke. A ƙarin lokaci George Best da Brian Kidd da Bobby Charlton suka gama aiki, aka tashi 4-1.

Wani labari ɗaya daga Burazil zai nuna mana irin wayon tsohon. A 1973 yana horar da Portuguesa, suka kai wasan ƙarshe na gasar jihar Sao Paulo da Santos ta Pele. Aka tashi babu ci, aka shiga fenariti. Bayan kowa ya buga uku-uku Santos na da biyu, Portuguesa ba ko ɗaya, sai alƙalin wasa Armando Marques ya busa tashi. Ya yi kuskuren lissafi, domin saura bibbiyu, kuma Portuguesa za ta iya ramawa. Otto bai tsaya yi masa gyara ba. Ya tattara yaransa ya fice da su daga filin cikin gaggawa. Da aka farga aka nemi su dawo, babu su babu alamarsu. Ƙarshe sai raba kofin aka yi, kowa zakara.

Wannan mutumin, mai shekara sama da 60, da gogewar ƙasashe biyar, shi Najeriya ta nemo. Kafin mu shiga abin da ya yi, sai mun ga abin da ya tarar.

Ba shi ne ɗan Burazil na farko da ya riƙe Green Eagles ba. Jorge Penna ne kocin da ya ci zinare a wasannin Afirka na 1973 a Legas. Bayansa, daga 1974 zuwa 1978, aka yi wani ɗan Yugoslabiya mai suna Tihomir Jelisavcic, wanda 'yan Najeriya suka sauƙaƙa wa kansu suke kira Father Tiko. Shi ya tattaro yawancin matasan da muke magana a kansu, ya kai su na uku a gasar Afirka ta 1976 a Habasha, ya sake kai su na uku a Gana a 1978. A hannunsa kuma aka yi baƙin cikin Nuwamba 1977, lokacin da Godwin Odiye ya ci gida da ka a wasa da Tunisiya a Legas, Najeriya ta rasa zuwa kofin duniya na 1978.

Kulob ɗin gida ma suna da rai a lokacin. IICC ta Ibadan ta ci kofin zakarun kofuna na Afirka a 1976, Rangers ta Enugu ta ci a 1977. Dattawanmu da suka yi zaman Kaduna za su tuna cewa karawa ta biyu ta kusa da ƙarshe tsakanin waɗannan kulob biyu a 1977, a filin wasa na Ahmadu Bello aka buga ta, Rangers ta haye da fenariti. Raccah Rovers ta Kano ta ci lig ɗin ƙasa a 1978. Kusan duk 'yan wasan da Otto ya yi aiki da su a gasar 1980 daga irin waɗannan kulob suka fito, kuma ana ganinsu kowane mako a filayen ƙasar nan.

Sai kuɗi. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta hau mulki a Oktoba 1979, man fetur na tsada, kuma Najeriya ce mai masaukin baƙi. Ba a yi ƙwauro ba. Aka kwashi 'yan wasan aka kai su sansani a Burazil, suka yi atisaye da wasannin gwaji a can, nesa da hayaniyar gida. Otto ya rage musu dogon bugu da dogaro da gudu, ya koya musu riƙe ƙwallo a ƙasa, da gajeren fasin, da tsare gida. 

An buɗe gasar ranar 8 ga Maris 1980, ƙasashe takwas, a Legas da Ibadan. Najeriya ta doke Tanzaniya 3-1, ta yi canjaras babu ci da Kwaddibuwa, ta doke Masar da ƙwallo ɗaya da Okey Isima ya ci. A wasan kusa da na ƙarshe Felix Owolabi ya zura wa Maroko ɗaya, ita ce ta raba gardama. Owolabi ɗin nan a Arewa ya yi ƙarfi, ya buga wa Kaduna Rocks da Raccah Rovers kafin ya koma Ibadan. Segun Odegbami da Aloysius Atuegbu a Jos suka tashi. Shefiu Mohammed na Raccah Rovers yana cikin tawagar. Ko da ba a cika faɗi ba, akwai ƙurar filayen Arewa a ƙafar wannan tawaga.

Ranar Asabar 22 ga Maris aka yi wasan ƙarshe da Aljeriya a babban filin wasa na Surulere, Shagari na zaune yana kallo. A nan tsohon ya sake dabarar Coluna, amma ta baya. Muda Lawal ɗan tsakiya ne, kowa ya san shi da haka, har 'yan Aljeriya. Otto ya tura shi gaba a matsayin lamba tara. 'Yan bayan Aljeriya suka rasa wanda za su riƙe, Muda na janye su yana buɗe wa Odegbami hanya. Minti biyu da farawa Odegbami ya ci ta farko, ya ƙara ta biyu dab da hutun rabin lokaci, Muda da kansa ya ci ta uku jim kaɗan bayan an dawo. Wasa biyar, ƙwallo takwas, ɗaya tak ta shiga ragar Best Ogedegbe. Kyaftin Christian Chukwu ya karɓi kofin daga hannun shugaban ƙasa. Sabon kofi ne fil, domin Gana ta riƙe na farko dindindin bayan ta ci sau uku a 1978.

A garuruwanmu a lokacin talabijin ba ta wadata ba, rediyo ce idon jama'a. A bakin mai sharhi Ernest Okonkwo aka ji laƙabobin da suka bi 'yan wasan har tsufa, Odegbami ya zama Mathematical, Chukwu ya zama Chairman. Gwamnati ta ba kowane ɗan wasa gida a Festac da lambar girmamawa ta MON da mota Peugeot 504, motar da ake harhaɗawa a nan Kaduna a lokacin.

To a Lisbon Otto ne ya yi shuka wani ya girbe. A Legas shi ya zo ya tarar da gona ta nuna, ya kuma iya girbi. Wannan ba rage masa daraja ba ne. Tiko ya kai yaran bakin ƙofa sau biyu bai shiga ba, kuma sanin yadda ake cin wasan ƙarshe ilimi ne mai zaman kansa. Amma abin da ya biyo baya ya nuna iyakar abin da koci shi kaɗai zai iya.

A gasar Olamfik ta Mosko, watanni huɗu bayan bikin Legas, Najeriya ta sha kashi a hannun Kuwaiti 3-1, ta yi 1-1 da Cekoslobakiya, Kolombiya ta doke ta 1-0. Sai neman gurbin kofin duniya na 1982. Aka wuce Tunisiya da Tanzaniya da Gini, ya rage mataki ɗaya, kuma Aljeriya ce dai. 'Yan Aljeriya sun koma gida da 3-0 ɗinsu sun zauna sun yi gyara, suka riƙe matasansu irin su Lakhdar Belloumi da Rabah Madjer. Mu kuma taurarinmu sun fara gajiya, aka kira wasu daga ƙasashen waje aka cusa su cikin tawagar da ba su saba da ita ba. Ranar 10 ga Oktoba 1981, a filin da aka ɗaga kofi, Aljeriya ta ci 2-0. A Constantine ta ƙara da 2-1. Ita ce ta je Sifaniya ta doke Jamus ta Yamma 2-1, duniya ta girgiza.

A Maris 1982 aka je Libiya kare kofi ba tare da Chukwu da Odegbami ba. Aka doke Habasha 3-0, wani saurayi ɗan baya mai suna Stephen Keshi ya ci biyu. Daga nan Aljeriya ta ci 2-1, Zambiya ta ci 3-0, zakara ta dawo gida tun zagayen farko. A daidai lokacin farashin mai ya karye, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. Zaman Otto a Najeriya ya ƙare. Ya koma ya sake riƙe Fotugal na ɗan lokaci, abin bai yi kyau ba, ya koma Rio. A can ya rasu ranar 4 ga Satumba 1986 yana da shekara 69. Father Tiko ma a wannan shekarar ya rasu. Najeriya kuwa sai da ta jira shekara 14 kafin ta sake ɗaga kofin a Tunisiya a 1994, sannan wasu 19 kafin Keshi, yaron da ya fara buga wa ƙasa a zamanin Otto, ya ɗauko na uku a 2013.

A Fotugal har yau ana jingina wa Otto wata magana, cewa ba a yin wainar ƙwai sai da ƙwai. Koci ɗaya ne a Maris 1980 da Maris 1982, ilimi ɗaya, gogewa ɗaya. Abin da ya sauya shi ne abin da aka miƙa masa. Manoman rake na Maƙarfi da Kudan ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Wanda ya sare gonarsa kaf ya kai kasuwa bai ware iri ba, bana zai yi dariya, baɗi kuma sai ya nemi na saye. Westerhof ma da ake kafa hujja da shi, shekara biyar ya yi yana zagaya filayen ƙasar nan, daga 1989 zuwa 1994. A Ranchers Bees ta Kaduna Daniel Amokachi yake lokacin da aka jawo shi tawagar ƙasa. Da babu Ranchers, da babu wanda ya koya wa yaron ƙwallo a unguwa, Westerhof zai zo ya wuce bai ga komai ba. Haka Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro, duk 'yan Kaduna ne da wani ya fara ɗora su a hanya kafin duniya ta san su.

Saboda haka gardamar Bature ko ɗan gida, a ganinmu, an fara ta ne daga sama. Kocin ƙasa mai girbi ne, ko daga ina ya fito. Tambayar da ta shafe mu ita ce wa ke shuka. A Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi da ƙauyukan da ke kewaye, masu shukar su ne mutanen da muke gani da yamma a filin firamare da usur a wuya, suna tara yara ashirin a kan ƙwallo ɗaya da ta sha faci. Yawancinsu ba mai biyansu. Su ke sayen ruwa, su ke roƙon kuɗin mota idan za a je wasa wani gari, su ke zuwa ba iyaye haƙuri idan yaro ya ji ciwo. Gasa kuma sai an kusa zaɓe ake tunawa da ita, a raba riguna masu hoton ɗan takara, a ɗaga kofi, a watse sai bayan shekara huɗu.

Abin da Otto ya fara yi a Benfica bai ci kuɗin sayen tauraro ba. Tsari ne: lokacin atisaye, lokacin barci, sanin gurbin da ya dace da kowane yaro, da riƙe wannan shekara biyar ba fashi. Irin wannan bai fi ƙarfinmu ba. Gasar da ake bugawa kowace shekara tsakanin gundumomi ko makarantu, a kan lokaci sananne, da rajistar shekarun yara ta gaskiya, da ɗan alawus ga masu horaswa, da hana mutane yanka filayen makarantu suna gini, duk abubuwa ne da ƙaramar hukuma da 'yan kasuwarmu da ƙungiyoyin matasa za su iya ɗauka idan an ga dama. Yaron da ke da inda zai je ƙarfe huɗu na yamma, da wanda zai tambaye shi dalili in bai zo ba, ya riga ya tsira daga abubuwa da yawa, ko da bai taɓa sa rigar Najeriya ba.

Yawancin 'yan tawagar 1980 sun manyanta, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Muda Lawal ya rasu a 1991, Best Ogedegbe a 2009, Christian Chukwu a Afrilu 2025. Muna roƙon dattawan wannan zaure da suka saurari wasan 22 ga Maris ɗin nan su faɗa mana a ƙasa inda suka ji shi da kuma a rediyon wa. Matasa kuma kowa ya ambaci kocin unguwarsu da ya fara ba shi riga, mu san su, mu yi musu addu'a, mu ga kuma abin da za mu iya haɗa musu kafin gasar hutun makaranta mai zuwa.